Sandar stabilaiza ta baya, ƙarin sifirin, ko balon iska: me babbar fikof mai jan tirela take buƙata?

Ana saura kamar mako uku babbar salla ƙanina ya kira ni daga Konongo, muryarsa tana rawa. Ya ɗauko wani ƙaton janareta daga Tema zai kawo Kumasi, a kan tirela mai aksul biyu, yana ja da Ford F-250 ɗinsa mai shan dizal, hom-yus ce, wato wadda aka riga aka yi amfani da ita a ƙetare, da bai daɗe da fitar da ita daga tashar jirgin ruwa ba. Wata doguwar bas ta wuce shi da gudu, iskarta ta bugi tirelar, sai tirelar ta fara kaɗa gindi, dama, hagu, dama, kowane kaɗi ya fi na baya faɗi, har ya ji gindin motar ma yana bin ta. Allah Ya kiyaye, ya samu ya gangara gefen titi.

"Yaya, irin sandar nan da ka sa wa taka a baya nake so. Ko nawa ce zan saya."

Na ce, "Alhamdu lillahi da ka tsaya lafiya. Bar maganar sanda tukuna. A ina ka ɗaure janaretan?"

"Can baya, don a ji sauƙin sauke shi."

An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Ni mai son sandar stabilaiza ta baya ne, tana jikin motata shekara da shekaru, kuma ba zan cire ta ba. Amma da tana jikin motar ƙanina ranar nan, da tirelar ta kaɗa gindinta kamar yadda ta kaɗa. Abin da ke damuna shi ne mutane da yawa a Aboabo da Asawase da Nima suna sayen manyan motocin nan na Amurka, F-250 da F-350, Ram 2500 da 3500, Silverado HD, su zuba kuɗi a kan ƙarfen da ba shi ne maganin ciwonsu ba, sannan su hau titi da ƙarfin gwiwar da bai da tushe.

Ciwo uku ne ke kama fikof mai ɗaukar kaya da ja, direba kuma yakan haɗa su duka ya ce mota tana rawa. Akwai karkata, wato jikin motar ya kwanta gefe ɗaya in an sha kwana ko in taya ɗaya ta faɗa rami. Akwai durƙushewar baya, wato gindin motar ya zauna, hancinta ya ɗaga, fitila tana haska rassan itace da daddare, sitiyari ya yi sakayau a hannu. Sai kaɗa gindin tirela, irin na ƙanina, wanda shi ne mai kifar da mota. Sandar stabilaiza na farkon kawai take warkarwa. Ruɗanin ma daga suna ya samo asali: Amurkawa suna ce wa sandar suwe-ba, suna kuma ce wa na'urar da ke hana tirela kaɗawa suwe-kwantirol, alhali ɗaya tana ƙarƙashin mota, ɗaya tana wuyan tirela, aikinsu bai haɗu ba.

Duk wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin gaban mota ya ga irin sandar stabilaiza. Sandar ƙarfe ce da aka lanƙwasa bakunanta biyu suka zama hannaye. Ta baya ana ɗaure tsakiyarta a jikin bakasul, wato aksul ɗin baya, da bushin biyu, hannayen kuma a haɗa su da shasi ta gajerun linkej. In tayoyin baya biyu suka hau abu tare, kamar tudun rage gudu na cikin gari, sandar juyawa kawai take yi cikin bushin ɗinta, ba ruwanta. In kuwa jikin motar ya nemi kwantawa gefe, hannu ɗaya ya yi sama ɗaya ya yi ƙasa, sai sandar ta murɗe kamar yadda ake matse wanki, ita kuma ba ta son murɗewa, sai ta tura jikin ya koma daidai. Daga nan za ka gane cewa ko kilo ɗaya ba ta ɗauka. Ka loda mota har ta zauna, sandar tana kallo. Ba ta ɗaga baya, ba ta mayar da nauyi gaba, ba ta kuma da hannu a kan abin da tirela ke yi a bayan ƙwallon ja, wato dunƙulen ƙarfen da ake rataya wuyan tirela a kansa.

To me ya sa na sa wa tawa? Aikina haƙar rijiyar burtsatse ne. F-350 ce mai taya ɗaya a kowane gefe, a bayanta akwai tankin Polytank mai cin lita 1,000 a kan wani dakalin ƙarfe, sannan ina jan kwamfiresa. Lita 1,000 na ruwa tan ɗaya ne cur, kuma a sama yake zaune, ba a ƙasan bodi ba. Mafi muni shi ne in tankin ya yi rabi, domin ruwan gudu yake yi zuwa gefen da motar ta kwanta ya ƙara danne ta. Wanda ya san hawan dutsen Mampong a hanyar Ejura ya san kwanonin nan masu bin juna. Kafin sandar, in na shiga kwanar farko motar ta kwanta, kafin ta gama miƙewa ta biyu ta zo, sai ta wuce tsakiya ta kwanta ɗaya gefen fiye da na farko, ina jin ruwan yana dukan tanki, fam, fam, yaron motata ya riƙe marikin ƙofa da hannu biyu yana salati a hankali. Bayan an ɗaura sandar na bi hanyar da kaya iri ɗaya. Motar tana ɗan kwantawa, ta tsaya a nan, ta dawo sau ɗaya, shi ke nan. Wannan lilon na biyu da na uku ne ya tafi, kuma shi ne dama yake cinye wa direba zuciya a doguwar tafiya.

Saboda haka duk mai ɗaukar kaya masu tsayi a cikin bodi, tankin ruwa, kejin shanu ko raguna, buhunan gawayi ko masara da aka jera suka wuce kan direba, rumfunan biki da kujeru, sandar nan ta cancanci kuɗinta. Dabbobi ma sun fi ruwa wahala, don su da kansu suke matsawa. Haka wanda ke jan tirela mai dogon wuya, irin wadda ƙwallonta yake tsakiyar bodi a saman bakasul: ita ba ta cika kaɗa gindi ba, amma tana ɗora wa motar kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyinta, daga sama kuma take tura ta a kwana. Nan ma sandar tana aiki sosai.

Tana da farashin da ba na kuɗi ba, kuma masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Ranar da motar take fanko, a kan burji mai gargada ko titin unguwa mai ramuka, za ka ji kanka yana kaɗawa gefe da gefe fiye da da, domin abin da taya ɗaya ta taka yanzu ɗayar ma tana ji. In za ka tsallaka kwata a karkace ko ka shiga gona, sandar tana hana bakasul lanƙwasawa yadda ya saba, taya ɗaya takan yi sama-sama ta riƙa juyawa a banza. Abu na uku shi ne wanda nake so kowa ya riƙe. Kamfanonin mota da gangan suke sa gaba ya fi baya taurin karkata, don in mota za ta zame gaba ya fara zamewa, wanda direba yake iya gyarawa da ɗaga ƙafa. In ka taurara baya, ka matsar da wannan ma'auni. Fikof fanko dama bayanta ba nauyi. Ka haɗa da sanda mai kauri da ruwan saman watan Yuni a kan kwalta mai santsi ko jan laka, gindi zai iya riga gaba zamewa. Ban ce a ji tsoro ba, na ce a san da shi, kuma kada a sayi wadda ta fi ƙarfin aikin.

Kauri a nan ba ƙaramin abu ba ne. Taurin sandar yana ƙaruwa ne da sauri fiye da kaurinta nesa ba kusa ba, wato in ka tashi daga mai milimita 25 zuwa mai 30, ido zai ga ɗan bambanci, amma tauri ya ninka biyu har da ɗoriya. Shi ya sa na fi son mai ramuka biyu ko uku a bakin hannu. Ramin da ke can ƙarshen hannu shi ne mafi laushi, na kusa da lanƙwasa shi ne mafi tauri. A fara da mai laushi, a yi mako guda ana aiki da kaya da kuma fanko, in bai isa ba a matsa ciki. Tawa a ramin tsakiya ta zauna.

Kafin ma a yi odar komai, a shimfiɗa kwali a kwanta a leƙa. Wasu motocin da sandarsu suka fito daga kamfani. Ford tana sa ta a masu taya bibbiyu a baya, da kuma waɗanda aka yi odarsu da shirin ɗaukar ɗakin kwana na 'yan yawon buɗe ido. Ram 2500 kuwa tun 2014 aka mayar da bayanta sifirin mai naɗi maimakon falle-falle, da sanda a haɗe. Na sha ganin hom-yus da sandar tana nan amma linkej ɗaya ya karye ko bushin ya cinye, tana lilo ba ta aikin komai. Wannan gyaran yini ɗaya ne a Magazin, unguwar makanikai ta Suame a Kumasi, ba sai an jira kaya daga ƙetare ba.

In babu ita, zaɓi biyu ne: sabuwa da aka ƙera don motarka, ko a nemo ta wata mota a daidaita. Sabuwar, irin ta Hellwig ta Kalifoniya ko ta Roadmaster, tana zuwa da maɗaurai masu kama bakasul da bol, da linkej, da bushin, yawanci ba sai an huda shasi ba. Nauyi gare ta, don haka ta jirgin ruwa ta fi sauƙi, kuma da yawanmu muna da ɗan'uwa a Bronx ta Amurka da zai sa ta cikin kwantena. A ba shi shekarar motar, da ko mai ja da ƙafa huɗu ce, da ko taya ɗaya ce ko bibbiyu a baya, domin duk suna canza wadda za ta shiga.

Hanya ta biyu ita na fara bi, kuma ban ji daɗinta ba. Ba raina Magazin nake yi ba. Wanda ya ga abin da fitocin Suame suke tayarwa daga matattun motoci ba zai raina su ba, haka 'yan Abossey Okai a Akara wajen nemo abin da aka ce babu. An samo mini wata sanda ta wata babbar mota, ta ɗan fi faɗi, sai mastan ya ce a gasa hannayen da wutar gas a lanƙwaso su. Ina tsaye ƙarfen ya yi ja, aka lanƙwasa shi ciki, aka watsa ruwa. Wata biyu ta yi tana aiki, daga nan na lura motar ta ɗan jirkice hagu ko a fili take. Hannun da aka gasa ya lanƙwashe ya ƙi dawowa. Sandar nan sifirin ce, a masana'anta aka dafa ƙarfenta aka ba shi tauri. Wuta ta biyu tana kashe wannan dahuwar, ko ƙarfen ya yi laushi ko ya yi gautsi ya tsage. In za a yi amfani da hom-yus, a nemo wadda ta shiga ba tare da wuta ba, a ƙera mata maɗaurai kawai. Kada a yi walda a jikin sandar, kada kuma a yi a leɓen shasi.

Yanzu ciwo na biyu, durƙushewa. In ka shiga Magazin ka ce baya yana zama, abin da za a fara ce maka shi ne, "Alhaji, a ƙara falle biyu." Ƙarin fallen sifirin shi ne mafi araha, ko'ina akwai shi, kuma ko a Techiman ko Kintampo ya karye za ka sami mai gyara. Yana ɗaga baya, yana ma ɗan rage karkata. Ga motar da kullum cikin kaya take, wadda ba ta san fanko ba sai ranar Juma'a, ba ni da ja. Amma falle ba ya cirewa da yamma. Ranar da ka sauke kaya ka ɗauki iyali zuwa suna, bayan motar tsalle zai riƙa yi, kuma taya mai tsalle ba ta riƙe ƙasa, birki ma ba ya kama ta da kyau. Wanda zai ƙara, ya fi kyau ya sa irin fallen taimako da ke zaune a sama ba ya taɓa komai sai kaya sun danne motar, kuma ya sa sababbin bol masu kama sifirin, don tsofaffin sun riga sun miƙe.

Balon iska ya fi wayo. Jakunkunan roba ne masu ƙarfi guda biyu da ake sa wa tsakanin bakasul da shasi, irin na Air Lift ko Firestone, ana hura su daga awo 5 zuwa 100 na ma'aunin mai faci. Da kaya ka ƙara iska, fanko ka sace ta, motar ta koma yadda kamfani ya yi ta. Ga wanda kayansa ke canzawa kullum, babu kamarsa. Sai dai a kula da abu ɗaya da na ga an yi kuskurensa fiye da sau ɗaya: kada a haɗa balon biyu a kan tiyo ɗaya don a sami bakin hurawa guda. In aka yi haka, a kwana iskar gefen da aka danne gudu take yi zuwa ɗaya gefen, motar ta ƙara kwantawa. Kowanne da tiyonsa. Rauninsa kuwa a bayyane yake: tiyo yana tsagewa, zafin salansa yana cin roba in ba a sa kariya ba, kuma in ya fashe a wani ƙauye bayan Atebubu ba za ka sami madadinsa a kusa ba. Wanda ba ya son wannan ɗawainiyar akwai dunƙulen roba irin na Timbren, ana cire robar da ke tare bakasul a sa shi a gurbinta. Ba iska, ba tiyo, ba ya aiki sai motar ta zauna a kansa. Ba a daidaita shi, kuma da rabin kaya yakan riƙa dungurin motar, amma ba ya barin ka a hanya.

Duka ukun nan ido suke gyara wa fiye da sikeli. Motar za ta miƙe ta yi kyau, amma nauyin da ke kan bakasul yana nan, wanda ya bar gaba kuma bai dawo ba. Ƙwallon ja yana bayan tayar baya ne, don haka motar tana zama kamar lilon katako na yara. A ce tsakanin tayar gaba da ta baya mita 4 ne, ƙwallon kuma yana bayan bakasul da mita 1.2. In wuyan tirela ya danna da kilo 400, kilo 120 ne zai tashi daga tayoyin gaba, bakasul kuma ya ɗauki 520. Tayoyin gaban nan su ne masu juya mota, su ne kuma masu yawancin birki. Babu falle ko balo ko sandar da za ta mayar musu da kilo 120 ɗin nan. Kuma babu ɗaya a cikinsu da ke ƙara adadin da kamfani ya rubuta a takardar da ke manne a dogaran ƙofar direba, inda aka faɗi iyakar nauyin motar da na kowane aksul. Wannan adadin da birki da taya da bodin aksul aka lissafa shi.

Abin da ke mayar da nauyi gaba shi ne maɗaurin ja mai rarraba nauyi, wanda ke da sanduna biyu na sifirin da ke tashi daga ƙarƙashin ƙwallo su kama wuyan tirela ta gefe biyu. In aka ɗaure su, kamar an ɗaga hannayen baro ne: wani nauyin ya koma tayoyin gaba, wani ya koma tayoyin tirela. Irin na Equal-i-zer da wasu na Reese da Blue Ox suna haɗawa da hana kaɗa gindi a jiki guda. Ga mai jan tirela mai nauyi a kan kwalta, Tema zuwa Kumasi ko Kumasi zuwa Tamale, wannan ya fi sandar stabilaiza amfani nesa ba kusa ba. Amma ba kowace tirela ce ke karɓarsa ba. Yana son wuya mai ƙafa biyu da suka haɗu a gaba, yawancin tirelolin da ake ƙerawa a gida kuwa bututu ɗaya ne miƙaƙƙe. Tirelolin Turai masu birkin da ke kamawa in tirela ta turo mota, da yawansu ba sa jituwa da shi. Kuma in za a shiga hanya mai kwazazzabai sai an sassauta sandunan, in ba haka ba wuyan ko maɗaurin zai ji jiki. Akwai kuma 'yar ƙaramar sandar gogayya da ake sa wa a gefen wuya, mai araha. Tana rage kaɗawa kaɗan, amma sai an cire ta in za a yi ribas mai kwana, ana kuma sassauta ta in titi ya yi santsi.

Tun da na ambaci Turai, bari in faɗi wani abu da ke faruwa a nan saboda motocinmu daga Amurka suke, tirelolinmu kuma daga ko'ina. Ƙwallon Turai milimita 50 ne. Na Amurka akwai mai inci 2, wanda ya ɗara hamsin da kaɗan, akwai kuma babba mai kusan milimita 59. Bakin tirela na babban ƙwallo zai zauna a kan ƙarami lafiya lau a tsaye, ya fita a tudun farko. Adadin yana rubuce a kan ƙwallon da kuma a bakin tirelar. A karanta, a kuma sa sarƙa biyu a gicciye a ƙarƙashin wuya.

Komawa ga ƙanina a Konongo, maganinsa ko sidi ɗaya bai ci ba. Tirela mai ƙwallo a baya tana son kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta ya zauna a kan ƙwallon, wato mai tan 3 tana son kilo 300 zuwa 450. Hanya mai sauƙi ita ce kusan kashi 60 na kaya ya kasance gaban aksul ɗinta, mai nauyi a ƙasa, a ɗaure tamau. In nauyi ya koma baya, wuyan ya yi sakayau, tirelar ta zama kamar wutsiya mai dutse a ƙarshe: ƙaramar iska ta ishe ta, kuma gudu yana ƙara mata ƙarfi. Kowace mota da tirelarta suna da gudun da in an wuce shi kaɗawar ba ta mutuwa da kanta, sai dai ta ƙaru, kuma mummunan lodi yana sauko da wannan gudun ƙasa sosai. Sanin nauyin wuya ba wuya: a je sikelin masu sayen ƙarafa ko na masu fasa dutse, a auna motar ita kaɗai, sannan a auna ta da tirela a rataye amma tayoyin tirelar suna wajen sikeli. Bambancin shi ne nauyin wuya. Sai a hau da komai a san jimla.

Bayan lodi sai taya da shokozoba, waɗanda hom-yus ba ta cika zuwa da masu rai ba. Manyan motocin nan tayar LT suke so, wato ta motocin kaya, mai aji E, wadda ake iya hurawa har awo 80 na ma'aunin mai faci in tana sanyi. In aka sa musu tayar ƙananan motoci saboda araha, gefenta laushi gare shi, gindin motar zai riƙa yawo a kanta, kuma ko sanda goma ka ɗaura ba za ta hana ba, domin yawon a ƙasan sandar yake faruwa. A duba lambobi huɗun ƙarshe na ranar ƙira a gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayoyin tirela ma haka, su aka fi mantawa da su. Shokozoba kuwa shi ne mai kashe lilo. In ya mutu, sanda za ta rage zurfin kwantawa amma motar za ta ci gaba da reto. Na ga mutanen da suka canza shokozoba huɗu suka ce sun fasa sayen sandar.

Birkin tirela ba na sa shi a layin zaɓi ma. Tirelar da ta wuce kilo 750 ba na ja ba tare da nata birkin ba, balle a gangaren Mampong ko saukowa daga Kwahu zuwa Nkawkaw. Mai birkin lantarki tana buƙatar 'yar na'ura kusa da sitiyari, da yawan motocin nan ma da ita suke zuwa, kuma tana da maɓallin hannu. In tirela ta fara kaɗawa, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a riƙe sitiyari a miƙe, kada a bi ta da gyara, kada a taka birkin mota da ƙarfi, a matsa maɓallin nan tirelar ta ja kanta ta miƙe. Sababbin motocin suna da kwamfutar da ke taɓa birki ta rage wuta in ta ji kaɗawa, amma ita sai abu ya riga ya fara take shigowa.

Masu Hilux da Navara da L200 da Land Cruiser mai bodi, lissafin ɗaya ne, sai dai motarku ta fi rashin nauyi kuma ta fi gajarta, don haka tirela ta fi saurin rinjayarta, sanda mai kauri kuma ta fi saurin sa gindi zamewa.

Da wani zai zo da kuɗin abu ɗaya kawai ya tambaye ni, zan tambaye shi inda nauyinsa yake zama. In a cikin bodi yake kuma yana da tsayi ko yana motsi, ya sayi sandar, mai ramukan daidaitawa. In a bodi yake amma a ƙasa, siminti ko bulo ko tayil, baya kawai ke zama, balon iska in kayan na canzawa, falle in kullum ne. In a kan tirela yake, sandar ita ce ta ƙarshe a layi, bayan sikeli da taya da shokozoba da birki da maɗauri mai rarraba nauyi. Mai yin duka biyun irina, tanki a sama kwamfiresa a baya, a ƙarshe zai sa sandar da balon tare, ba sa faɗa da juna, sai dai a duba wurin zamansu a kan bakasul kafin a saya don wani lokaci maɗauransu wuri ɗaya suke nema.

Ranar nan dai ƙanina ya samo samari huɗu a bakin titi, da bututu biyu da ƙarfen banƙara, suka mirgino janaretan gaba har ya wuce aksul na farko, ya sake ɗaurewa. Mai faci ya tarar da tayar tirela ɗaya ta yi ƙasa sosai, ya cika duka. Ya iso Ejisu ya kira ni.

"Yaya, kamar ba ita ba. Atikuleta biyu sun wuce ni, ko motsi."

"Kada ka wuce saba'in dai har ka shigo."

Bayan salla muka kai motar Magazin aka canza shokozoba, aka gyara wayar birkin tirelar da ta daɗe a tsinke. Sandar kuwa ya yi odarta daga baya, da ya yanke shawarar sa kejin raguna a bodi. Ranar ɗaurawa na tsaya a kan mastan sai da ya sauke motar daga jak ta tsaya da ƙafafunta kafin ya ƙarasa ɗaure bol, ya shafa giris a bushin, ya kautar da tiyon birki daga maɗauri, muka kuma duba ba ta taɓa salansa ko safaya. Na ce wa ƙanina ya dawo bayan tafiyarsa ta farko zuwa Techiman a sake bin bol ɗin da sifana, don sukan saki kaɗan in ƙarfe ya zauna.